Elton, Inda Ake Ɗinka Adudu Da Ganyen Itace

Matafiyin da ya bar birnin Lake Charles na Jihar Luwiziyana a ƙasar Amurka, ya nufi arewa maso gabas, ba zai ga dutse ko tudu ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin shinkafa dama da hagu. Idan an yi girbi sai a sake cika gonakin da ruwa, a yi kiwon wani irin jatan lande wanda mutanen wurin ke dafawa da yaji mai yawa. Bayan tafiyar kamar awa guda a mota, in an kai Kinder an karkata gabas, sai a iso Elton, wani ɗan gari mai mutum wajen dubu ɗaya. Ba abin da zai tsai da baƙo a cikinsa. Amma kamar mil uku arewa da shi akwai mazaunin wata ƙabila da ake kira Kushata, su kuwa suna kiran kansu Kowasati. Suna cikin 'yan asalin ƙasar, watau waɗanda Turawa suka tarar suka laƙaba musu suna Indiyawa. Abin da ya fid da sunansu a duniya shi ne wani ɗan adudu da matansu ke ɗinkawa da ganyen itace.

Itacen shi ne fayin. Wanda ya san Miyango a Filato, ko gandun Afaka kusa da Kaduna, ya ga danginsa da ma'aikatan gandun daji suka dasa: dogon itace miƙaƙƙe, ganyensa siri-siri kamar tsinken tsintsiya, shi ya sa Turawa ke ce wa ganyen allura. Fayin iri-iri ne, amma na wannan yanki ya fi saura tsawon ganye, don yakan kai inci 8 zuwa 18. Uku-uku yake fitowa, a ɗaure a gindi cikin wani ɗan kube. Wannan tsawo shi ne dukan sirrin sana'ar. Gajeren ganye ba ya naɗuwa da kyau, sai a yi ta ƙari, ɗinki ya yi ƙulu-ƙulu.

Duk macen da ta taɓa ɗinka faifai, in ta zauna gefen tsohuwar Kushata, ba sai an yi mata tafinta ba. Da farko a tara ganye, a shanya shi a inuwa har ya bushe, abin da kan ɗauki makonni. Sai a cire kuben nan na gindi, a jiƙa ganyen ya yi laushi don kada ya karye. Daga nan a ɗebi ɗan dami mai kaurin fensir, a murɗa shi a yi cibiya, a shiga naɗawa ana ɗinke kowane zagaye da wanda ke ƙarƙashinsa. Duk lokacin da damin ya fara sirancewa sai a cusa sabon ganye a tsakiyarsa, yadda ba za a ga inda aka yi ƙarin ba. A nan ake gane gwana. Kaurin naɗin nata ɗaya ne daga gindi har baki, sawun allurarta kuma ya jeru yana karkata kamar zangarniyar alkama, murfin kuwa in an rufe sai ya kama ƙam. Ƙaramin adudu da bai wuce tafin hannu ba yakan ci kwanaki. Yakan kuma daɗe yana ƙanshin daji a ɗaki.

Zaren da suke ɗinkin da shi zai ba mai karatu mamaki. Zaren tukurwa ne, wanda ake sayowa daga Afirka, galibi daga tsibirin Madagaska. Wani a bar shi fari, wani a rina shi ja ko shuɗi a yi furanni a jikin adudun. Ban da adudu da faranti da mazubin kayan ɗinki, suna yin siffofin dabbobin dajinsu: kunkuru, da kada, da talotalo, da jatan landen nan na gona. Ɓawon 'ya'yan itacen, wanda ke jere hawa-hawa kamar ɓawon kifi, shi ake ɓamɓarowa a yi wa kunkuru ƙoƙon baya, a yi wa talotalo gashi.

Ba a Luwiziyana Kushata suka samo asali ba. Ayarin Sifaniyawa na Hernando de Soto ya tarar da kakanninsu a yankin kogin Tenesi a 1540. Daga can suka gangara Alabama, sa'an nan matsin Turawa ya yi ta tura su yamma, har suka tsallake Misisifi wajen ƙarshen ƙarni na 18. Sai cikin shekarun 1880 suka yada zango a bakin rafin Bayou Blue, inda suke har yau. A da da gorar bakin rafi da ciyawar fadama suke saƙa, amma da noma ya cinye fadamun sai hannu ya koma ga ganyen fayin.

A 1953 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga sha'aninsu, ta daina ɗan taimakon da take yi musu. Shekaru ashirin suka yi a haka. Maza na ƙodago a gonakin shinkafa da wuraren yankan katako, mata kuwa su ɗauki adudu su bi gari suna sayarwa, wani lokaci ma musaya ake yi da abinci ko tufafi. Cikin shekarun 1960 suka haɗa kai suka buɗe ɗan shagon sayar da kayan saƙarsu, adudun ya zama shi ne shaidarsu duk inda suka je neman haƙƙi, don yana nuna cewa ga wata al'umma nan da sana'arta da harshenta, ba ta narke cikin maƙwabta ba. Jihar Luwiziyana ta amince da su a 1972, gwamnatin tarayya ta bi baya a 1973, Ernest Sickey wanda ya jagoranci fafutukar ya zama shugabansu na farko. A 1995 suka buɗe wani katafaren gidan caca kusa da Kinder, daga nan ne kuɗi suka shigo. Ko me mutum zai ce game da wannan hanyar samu, ta cire wa matan tilas ɗin yin ɗinki don tuwon dare. Yanzu adudu mai kyau yakan kai ɗaruruwan daloli, wasu kuma suna cikin gilashi a gidajen adana kayan tarihi.

Ba masu ɗinki kaɗai ke cin moriyar ganyen ba. A duk kudancin Amurka, idan ya zuba da kaka, akan share shi a ɗaure dami-dami a kai kasuwa. Masu lambu su shimfiɗa shi a gindin shuka, ya riƙe danshi, ya danne ciyawa, ruwan sama kuma ba ya kwashe shi da sauƙi don tsinkayen suna sarƙewa da juna. Mutanen karkara sun daɗe suna shimfiɗa wa dabbobi shi, suna zuba shi a akurkin kaji, suna cusa shi a matashin kai, suna hura wuta da shi. Ɗanyensa akan jiƙa a ruwan zafi a sha kamar shayi, yana kuwa da sinadarin nan na bitamin C da ke cikin lemo. Sai dai ba kowane iri ake yi wa haka ba. Akwai wani fayin a yammacin ƙasar wanda in saniya mai ciki ta ci ganyensa da yawa sai ta yi ɓari. Busasshen kuma da ya ga tartsatsi sai ya kama, har wasu garuruwa suka hana a zuba shi dab da bangon gida.

To, abin da ke damun masu ɗinki a yau ba mai saye ba ne, itacen ne. Lokacin da Turawa suka iso, dajin wannan fayin mai dogon ganye ya kai eka miliyan 90, tun daga Birjiniya har Teksas. Aka fara da tsage jikinsa ana tatsar ƙaronsa don like jiragen ruwa. Daga baya jirgin ƙasa ya shigo, injinan yankan katako suka biyo shi. A Fullerton, arewa da ƙasar Kushata, wani kamfani ya kafa inji a 1907, ya gina gari sukutum, ya yi ta sara har 1927. Da itace ya ƙare aka rufe, garin ya watse. Kafin ƙarshen ƙarni na 20 abin da ya rage na dajin bai fi eka miliyan 3 ba.

Dalilin da ya sa bai sake tsirowa da kansa ba abin lura ne, musamman ga wanda ya saba jin cewa gobarar daji sharri ce zalla. Shi wannan itace da wuta yake rayuwa. In ya tsiro yakan yi shekaru a ƙasa kamar tushen ciyawa, ba ya tsawo, yana dai aika saiwa can ƙasa. In wuta ta bi ta kansa, tulin ganyen nan shi ke kāre tohon da ke tsakiya, ita kuwa ta ƙone sauran tsire-tsiren da za su yi masa inuwa. Bayan haka sai ya zabura sama. Da hukuma ta shiga kashe kowace wuta, sai ƙananan itatuwa suka rufe shi, aladun daji kuma suka tone saiwar 'yan tsirarun da suka fito. Kamfanoni kuwa, da suka tashi dashe, sai suka zaɓi wasu irin fayin masu saurin girma, waɗanda ganyensu bai kai nasa ba. Saboda haka matafiyi zai ga fayin jere a bakin hanya mil bayan mil, ya ɗauka daji na nan, alhali mai ɗinki ba ta ga abin ɗauka ba. Inda na kirkin ya rage kuma, sau da yawa filin wani ne, da shinge, sai da izini.

A 2009 hukumomi da ƙungiyoyin kare daji suka ƙulla wani shiri na maido da shi zuwa eka miliyan 8, an kuwa kai wajen miliyan 5. A gandun Kisatchie na gwamnati, ma'aikata da kansu ke cinna wa daji wuta bisa tsari kowane 'yan shekaru. 'Yan'uwan Kushata da ke Teksas, waɗanda ake kira Alabama-Kushata, sun dasa ɗaruruwan eka a ƙasarsu, suna kuwa faɗin cewa ganyen ɗinki na cikin abin da suke nema. A Elton kuma ana tara yara ana koya musu naɗi da riƙon allura, tare da sunayen kayan aikin da harshen Kowasati, wanda shi ma masu jinsa sosai yawanci dattawa ne. Itacen da aka dasa bana zai ɗauki shekaru kafin ya bar ƙasa, ya yi rassan da za a tsinki ganye.