Toka Ma Sinadari Ce

Kullum da yamma ana kwashe toka daga murhunan madafar makarantar nan a kai ta bola. Mu kuwa kowacce tana dawowa hutu da ƙullin omo da sandar sabulu a akwati, kafin tsakiyar zango sun ƙare, sai aro da roƙo. Ku lura da inda omon yake tafiya. Da yawansa a kwanon abinci mai maiƙon manja yake ƙarewa, aikin da tokar da muke zubarwa za ta yi mana kyauta.

A gidan kakata na san haka. Iya ba ta taɓa sayen abin wanke tukunya ba. Toka take dangwala da soso ta goge, in gindin tukunyar ya yi baƙi ƙwarai ta haɗa da ɗan yashi, sai ka ga tukunya tana ɗaukar ido. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Haka muka taras, 'yar nan." Dalilin sai a ajin kemistiri na same shi. Idan itace ya ƙone, yana barin wani gishiri a cikin tokar mai suna fotasiyam kabonet. Da ya narke a ruwa sai ruwan ya zama alkali, shi kuma alkali in ya haɗu da maiƙo yana mayar da wani sashensa sabulu. Wato Iya tana haɗa sabulu ne a cikin tukunyar da take wankewa. Ta wannan hanya ake yin sabulun salo da ke zuwa mana daga ƙasar Yarabawa da Gana: a ƙona ɓawon koko ko na ayaba, a tace ruwan tokar, a dafa shi da man alayyadi ko man kaɗanya.

Wadda ba ta yarda ba ta gwada da zoɓo. Ki jiƙa shi ba sukari, ki raba kofi biyu. Ki matsa lemun tsami a ɗaya, zai ƙara ja. Ki zuba ruwan toka a ɗayan, zai juya ya yi kore-kore mai duhu. Aikin takardar litmos ke nan, a kofin shayi.

Tokar itace ko ta kara ake so, a tankaɗe ta da rariya, a kwaɓa da ruwa kaɗan. Tokar bola da aka ƙona leda da batir a ciki ba ta shiga kwanon abinci. Tana busar da hannu, don haka a shafa mai bayan an gama. Kada kuma a jiƙa tukunyar alminiyum a ruwan toka ta kwana, alkali yana cin alminiyum. Da za a ajiye mana garwa ɗaya mai murfi kusa da wurin wanke-wanke, da an huta da rigimar "wa ya ɗaukar mini omo".

Lemun tsami aikinsa daban. Farin abin nan da ke daskarewa a cikin butar shayi saboda ruwan burtsatse, ko za ki kwana kina goga shi da toka ba zai fita ba, asid yake buƙata. A matsa lemu biyu ko uku, a tafasa, a bar shi ya huce, sai ya saki. Yana kuma kashe ƙarnin kifi a hannu, kuma da gishiri yana cire tsatsar wuƙa. Tsamiya ma tana haska tagulla. Amma na ga bidiyoyi a Facebook ana haɗa asid irin wannan da hodar soda, abu ya yi ta kumfa, a ce ga maganin datti. Kumfar nan alama ce ta cewa asid da alkali sun kashe juna. Abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ba sosai. Kowanne a yi aiki da shi shi kaɗai.

A kan banɗaki ne nake rabuwa da masu cewa a watsar da kayan kanti gaba ɗaya. Zuba toka a masai yana rage wari da ƙudaje, wannan gaskiya ne. Amma cire datti daban, kashe ƙwayar cuta daban. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. A wurin da ɗaruruwan ɗalibai ke amfani da banɗaki ɗaya, musamman da damina, ba zan dogara da lemun tsami ba. Nan wurin bilic ne, a tsarma shi da ruwa yadda aka rubuta a jikin robar.

Matsalar ita ce yadda muke amfani da shi. Wata Asabar ana aikin tsafta, wata 'yar ɗakinmu da ke son banɗakinta ya fi na kowa kyau a idon masu dubawa ta zuba bilic, ta bi shi da ruwan wankin masai mai asid, ƙofa a rufe. Ba ta yi minti biyu ba ta fito tana tari, hawaye na zuba, ta kasa magana. Allah ya sa ta fito da wuri. Abin da ta shaƙa iskar kulorin ce, wadda sojojin Jamus suka saki a fagen daga kusa da garin Ypres na Beljiyam a watan Afrilu na 1915. Ku kula da kyau: lemun tsami ma asid ne. Wadda ta haɗa shi da bilic don ƙamshi, iskar nan za ta samu. Bilic da ruwa kawai ake haɗa shi, taga a buɗe.

Kalmar "na gida" ma tana ruɗarmu. Sabulun ruwan da iyayenmu mata ke yi suna sayarwa sana'a ce mai kyau, yayata da shi take sayen littattafanta. Sai dai ana yin sa da kostik soda, wadda ke ƙona fata. In an narka ta ba ta da launi, kamar ruwan sha take, kuma sau da yawa a robar lemo ko ta ruwa ake ajiye ta a ƙarƙashin gado. Yaro mai ƙishi bai san bambanci ba, kurɓi ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro ya kasa haɗiye abinci. In kun je hutu ku duba robobin gidanku, ku rubuta sunan abin da ke ciki, ku ɗora su inda hannun ƙannenku ba ya kaiwa. In kuwa yaro ya riga ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da robar don likita ya ga abin da ya sha.