Ɗalibi da Cinikin Biri a Sama

Tun wajen shekarar 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa ɗalibai darasin dogaro da kai, ganin takardar digiri ta daina zama tabbacin samun aiki. Sai dai a wurare da dama darasin ya tsaya ga hadda da cin jarrabawa.

Alhali kuwa kasuwa ta sake kama. Jumia da Konga sun kafu a Ikko cikin 2012, kuma yau ɗalibar da ke Zariya tana iya ɗora hoton atamfar Kantin Kwari a waya, mai saye a Fatakwal ya aiko da kuɗi. Ba ta biyan hayar rumfa, amma akwai la'adar kamfani, da kuɗin dako, da asarar kayan da aka mayar. Wanda bai lissafa waɗannan ba, uwar kuɗi zai ci yana zaton riba ce.

Babbar matsala ita ce yarda. Bahaushe ya daɗe yana gudun cinikin biri a sama, shi ya sa masu saye da yawa ba su biya sai kaya ya iso hannu. A Kasuwar Kurmi dillali ke tsaya wa baƙo. A intanet kuwa shaidar da masu saye suka rubuta ita ce dillali.

Saboda haka ya kamata malamai su sa kowane ɗalibi ya sayar da wani abu, ko da yaji ne, ya kawo littafin shiga da fita, a ba shi maki bisa lissafinsa da cika alkawarinsa.