Haruffa Masu Ƙiba A Titunan Jimeta Da Yola

Matafiyin da ya biyo hanyar Numan, tun bai sauka a tashar Jambutu ba zai lura garin Jimeta yana yi masa magana da rubutu. Ko'ina ya waiga haruffa ne manya, masu ƙiba, a goshin kantuna, a ƙeyar Keke Napep, da jikin manyan motocin kaya. Wasu ja ne a kan fari, wasu ruwan ɗorawa a kan baƙi, an yi musu inuwa a gefe ɗaya har ka ce za su taso daga allon su gaishe ka.

Yola da Jimeta tagwaye ne, amma halinsu ya bambanta. Yola ita ce tsohuwa, Modibbo Adama ya kafa ta a 1841, nan kuma fadar Lamiɗo take. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a bakin kogin Binuwai, musamman bayan Turawa sun ci Yola a 1901, ta zama gidan fatauci da ofisoshi. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, sa'an nan Adamawa a 1991, sai ta ƙara cika da baƙi. To, inda baƙi suka yi yawa, harsuna suka cakuɗe, dole mai kanti ya nemi allon da zai yi masa kira.

Wannan rubutu yana da ƙa'idojinsa, ko da yake masu yinsa a wurin iyayen gidansu suka koya, ba a littafi ba. Mai fenti zai fara jan layi da alli don haruffa su daidaita. Zai kaurara jikin harafi domin a hango shi daga nesa, alhali mota tana gudu. Zai bar 'yar kafa a cikin "a" da "o", gama in ta toshe harafin ya zama dunƙule, ba ya karantuwa. Zai lanƙwasa kusurwoyi, domin harafi mai kaifi umurni yake bayarwa, mai zagaye kuwa fara'a yake yi. Shi ya sa mai shayi da mai askin zamani suke son mai zagaye, ofishin hukuma kuma ya zaɓi miƙaƙƙe. Kalmomi kuma ba sa yawa: "Allah Ya Kiyaye Hanya" ta isa bayan mota.

Maɗaba'u ma sun san wannan bambanci, wato tsakanin harafin kanu da harafin karatu. A 1922 aka fitar da wani harafi mai suna Cooper Black a birnin Cikago na Amurka, wanda Oswald Cooper ya zana, mai kauri da taushin gefe, ya kuwa bazu a tallace-tallacen duniya. Amma ba wanda zai buga shafi guda da shi, sai ya gajiyar da ido. Irinsa kamar yaji yake, kaɗan ake barbaɗawa.

A cikin tsohon garin Yola kuwa akwai gadon da ya girmi boko. Almajiri yana rubuta allonsa da alƙalamin kara da tawada, baƙaƙen su fito da kauri, malamai kuma sun daɗe suna rubuta Fulfulde da Hausa da ajami. Ashe son rubutu mai jiki ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

Sai dai akwai abin damuwa. Yanzu yawancin alluna a kwamfuta ake tsara su, inji ya buga a kan leda, cikin sauri da araha. Masu buroshi suna raguwa, kuma da yawa daga cikin haruffan ado na kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ŋ na Fulfulde, waɗanda taron Bamako na 1966 ya amince da su. Sai ka ga "Masaukin Baƙi" ya koma "Masaukin Baki", "Jaɓɓaama" ta Fulani ta rasa lanƙwasarta, "ƙafa" ta zama "kafa". Mai fenti da hannu ba ya da wannan matsala, wutsiya kawai zai ja wa harafin.

Magani kuwa ba a nesa yake ba. Tun a shekarun 1980 aka tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, har shahararren mai zanen haruffa Hermann Zapf na Jamus ya sa hannu a aikin, kuma haruffanmu masu lanƙwasa sun daɗe da samun gurbi a tsarin Unicode. Abin da ya rage shi ne masu kantuna su riƙa neman a rubuta musu daidai, samarin da ke karatu a Jami'ar Modibbo Adama da sauran makarantun jihar kuma su zauna da tsofaffin masu fenti, su ɗauki salonsu su mai da shi haruffan kwamfuta kafin ya ɓace.

Duk wanda Allah ya kai shi Jimeta, ya daure ya zaga kasuwa da ƙafa, ya ɗaga kai ya karanta alluna. Zai ga sana'a, zai ga raha, zai kuma gane inda harshensa yake neman ɗauki.