SHAWARA GA MAI SON FARA HARBIN KIFI DA MASHI A CIKIN TEKU

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa bayanin wani abu wanda samarinmu da ke zaune a bakin teku suka fara sha'awa, watau nutso a cikin ruwa a harbi kifi da mashi mai danƙo. Ni akawu ne, aiki ya kai ni Nasso, babban birnin tsibiran Bahamas, a can kuwa wannan harbi ba baƙon abu ba ne, yaro ya kan tashi ya tarar da ubansa yana yi. Mutum uku sun rubuto mini suna tambaya wane iri za su saya, shi ya sa na ga gara in amsa a fili, gama abin ya shafi aljihu, ya kuma shafi rai.

Da fari sai a san makaman iri uku ne. Akwai bindigar mashi mai kunama, amma ita ba zan tsaya a kanta ba, domin dokar Bahamas ta hana ta, ta kuma hana mutum ya goya tukunyar iska ya shiga kamun kifi. Wanda ya ke son kifi a nan sai ya riƙe numfashinsa ya bi shi. Saura biyu su ne waɗanda doka ta yarda da su. Masu kanti su kan cuɗa sunayensu, har mutum ya aika da kuɗi a aiko masa da abin da bai nufa ba, saboda haka a lura.

Na ɗaya shi ne doguwar sanda mai tsini, wadda a ke ɗaura wa zoben danƙo a gindi. Mutum ya kan rataya danƙon tsakanin babban yatsa da manuni, ya miƙa hannu ya ja shi can sama ya damƙe sandar, in ya sassauta damƙa sai ta ɓalle gaba. Hannu ɗaya ya isa, sandar kuwa ba ta rabuwa da mai ita. Na biyu shi ne wanda Turawa suka sa wa suna majajjawar Hawai, ko da ya ke bai yi kama da majajjawarmu ba ko kaɗan, ya fi kama da danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi. Ɗan guntun itace ne mai rami a tsakiya, da danƙo a bayansa, a zura kibiyar ƙarfe mai tsawon kamar ƙafa biyar ta cikin ramin, a ja da hannu biyu kamar mai ɗana baka, a saki. Kibiyar ta kan tafi ita kaɗai, sai ka bi ta ka ɗauko.

Tsofaffin masunta na nan majajjawa su ke so, suna kuwa da hujja, gama ta fi cin nisa, ta fi dacewa da kifi mai wayo wanda ba ya yarda a matso shi. Tsohon da ya koya mini, wanda muke fita da jirginsa ran Asabar, ba ya ɗaukar sanda a bakin kome, ya ce makamin baƙi ce. Amma duk da girman da na ke ba shi, a nan ban bi shi ba. Ni dai ga wanda zai fara, sanda na ke zaɓa masa. Dalili, sabon shiga yana da abubuwa da yawa da zai tuna a cikin numfashi guda: kunnensa, da ƙafafunsa, da igiyar ruwa, da inda abokinsa ya ke. In an ƙara masa da makamin da ke cin hannu biyu, da me zai toshe hanci ya daidaita kunne, da me zai dafa dutse? Ban da wannan, kibiyar da ta kuskure kifi ba ta tsayawa jiranka, sai ta gangara ƙasa. In zurfin ya fi ƙarfinka, ko dai ka bar kuɗinka a can, ko kuwa zuciya ta ɗebe ka ka bi ta inda numfashinka bai kai ba. Na biyun nan shi na ke jin tsoro ga samari.

Sanda ba ta cin nisa, iyakar tafiyarta kamar tsawonta ne. Wasu suna ganin wannan aibi ne, ni kuwa ina ganin shi ne makarantar. Wanda aka tilasta masa ya matso kifi har ƙafa huɗu ko biyar, dole ya koyi nutso ba fantsama, ya koyi kwanciya a kan rairayi shiru, ya koyi kau da ido kamar bai ga kifin ba har kifin da kansa ya juyo don ganin ƙwaf. Wanda ya iya wannan, ran da ya ɗauki majajjawa ba za ta ba shi wuya ba.

To, in an tsaya a kan sanda, sai maganar abin da aka yi ta da shi. Akwai ta faibagilas, watau zaren gilas da aka daskarar da ƙaro, akwai ta alminiyam, akwai ta kabon. Ta kabon ita ce mai tsada, ba nauyi, ba lanƙwasa, tana tafiya kamar walƙiya, ita ce kuma mai kanti zai fara ɗora maka a kan tebur. Amma ba ta son karo da dutse, sabon maharbi kuwa dutse ya kan harba fiye da kifi a watanninsa na fari. Ta alminiyam in ta tanƙware ba ta komawa daidai sosai. Ta faibagilas ita ce mai araha, mai jimiri, tana da ɗan nauyi wanda ke taimakon tsini ya shige. Aibinta shi ne ta kan lanƙwashe in an ja danƙo da ƙarfi, maganin wannan kuwa a murɗa danƙon sau ɗaya ko biyu a jikinta sa'ad da a ke ja. An ce araha ba ta ado, amma a nan ba ado muka fito nema ba. Game da tsawo, ana samun daga ƙafa huɗu har zuwa goma, ni ƙafa shida na ke riƙewa, gama gajera ba ta kai wa kifin fili, doguwa kuwa ba ta juyuwa a tsakanin duwatsun murjani. Mai yawan tafiya ya nemi wadda a ke kwancewa gida biyu ko uku ta shiga jaka, amma ya duba mahaɗin da kyau kafin ya biya.

Kan mashin shi ma iri-iri ne. Akwai mai yatsa uku, waɗanda su ke buɗewa a cikin naman kifi su hana shi motsi, wannan shi ya dace da ƙananan kifi da sabon hannu, domin ko saiti bai cika ba, ɗaya daga cikin ukun ya kan samu. Akwai mai tsini ɗaya da kunne mai lilo, wanda in ya huda ya fita ta ɗaya gefen sai kunnen ya buɗe ya tokare, na kifi matsakaici ke nan. Akwai kuma kai mai ciruwa, ɗaure da waya, na manyan kifi, wannan a bar shi tukuna. Abin da zan ƙara, a sayi sandar da kanta ke kwancewa da murɗi, don gobe a sauya kai ba sai an sauya sanda ba. Danƙo kuwa rana da gishiri ke cinye shi, a riƙa wanke shi da ruwan daɗi, a ajiye a inuwa, a kuma riƙe na biyu a jaka.

Mu akawuna mun saba da lissafi, to, ga wanda na yi. In an kasa kuɗin mutum kashi uku, kada mashi ya ci fiye da kashi ɗaya. Sauran na tabaron ruwa ne wanda ya zauna a fuska daidai, da bututun numfashi, da takalman iyo masu kama da ƙafar agwagwa, da safar hannu, da wuƙa, da gora mai jar tuta da farin ratsi don masu jirgi su san akwai mutum a ƙasa. Gwajin tabaro ba wuya: ɗora shi a fuska ba tare da ɗaura maɗauri ba, ka shaƙi iska ta hanci kaɗan, in ya manne bai faɗo ba, naka ne. Wanda zai ɗaura darma a ƙugu don ta taimake shi nutsewa, ya tabbata ɗamarar tana kwancewa da fizga ɗaya.

Akwai wani abu game da tabaron nan da ya kamata malamai su ji, don ya dace da abin da su ke koya wa yara a kan haske. Sarkawanmu da ke jifa da hargi daga cikin jirgi sun sani kifi ba ya inda ido ya gan shi, sai an auna ƙasa da shi, domin haske ya kan karye in ya fito daga ruwa zuwa iska. Mai nutso ba shi da wannan wahala, kai tsaye ya ke aunawa. Tasa wahalar dabam ce: tabaro ya kan nuna masa abu ya ƙaru da kamar sulusi, ya kuma matso da kamar rubu'i. Saboda haka ya kan saki mashi tun kifi bai shigo ba, ko ya harbi wanda ya zaci babba ne, ya fito da shi ya ga ɗan tsito. Wannan kuwa ba abin dariya kaɗai ba ne, gama a nan an hana kama kifin da a ke kira gurufa in bai kai nauyin laba 3 ba, kifin da mashi ya huda kuwa ba ya mayuwa ruwa.

Tun da na taɓo doka, bari in ƙarasa. Ba a harbin kifi a cikin mil ɗaya daga gaɓar tsibirin da Nasso ke kai, a ƙananan tsibirai kuwa sai an ba da yadi 200 daga gaɓa. Gurufan Nasso ba a taɓa shi daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da su ke taruwa don yin ƙwai. A gandun ruwa na Eksuma, wanda aka keɓe a 1958, an hana ɗaukar kome tun 1986. Kowace ƙasa da tata dokar, wata ta yarda da bindiga, wata ta hana mashin ɗungum, sai mutum ya tambayi ma'aikatar kifi ta inda ya ke kafin ya kashe ko kwabo.

Wanda ya ke neman abin da zai koyi hannu a kansa a wannan yanki, ga kifin zaki nan. Asalinsa daga tekun Indiya da na Fasifik ne, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, ya iso Bahamas a 2004, ya yi ta cinye 'ya'yan kifin wurin, har hukuma tana murna da mai kashe shi. Ba ya gudu, sai ya tsaya yana baza fukafukai kamar tolotolo, namansa kuwa fari ne mai daɗi. Amma yana da ƙayoyi 18 masu dafi, a yanke su da almakashi, wanda ya soku kuwa ya tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, sa'an nan ya nemi likita. Babban barakuda kuma a ƙyale shi ko ya zo kusa, domin ya kan ɗauki wata guba a namansa wadda dahuwa ba ta kashewa. Kifin da aka harba kada a rataya shi a ƙugu, a kai shi jirgi nan da nan, gama kifin shak yana da yawa a ruwan nan, an ma hana kama shi tun 2011.

Yanzu na zo kan abin da ya fi mashi da tabaro duka, shi kuwa ba a sayar da shi a kanti. Kada mutum ya yi nutso shi kaɗai. Abin da ke sa mu ji muna son numfashi ba ƙarewar iska mai kyau ba ne, taruwar gurɓatacciyar iska ce a cikin jini. Wasu samari su kan yi ta haki da sauri kafin su nutse, wai don su daɗe a ƙasa, alhali abin da suka yi shi ne sun kashe ƙararrawar da za ta gargaɗe su. Mutum yana ƙasa yana jin daɗinsa, in ya taso, nauyin ruwa ya ragu a kan huhunsa, sai iskar da ta rage ta kasa isar ƙwaƙwalwa, ya suma saura ƙafa kaɗan ya fito, ko ma bayan ya fito. Ba kuka, ba fafutuka. Na ga wannan da idona a kan wani saurayi wanda ya fi mu duka iya iyo. Ya fito, ya cire bututu daga bakinsa, sai kawai kansa ya langaɓe fuskarsa ta koma ruwa. Da ba don abokinsa yana daf da shi yana dubansa ba, ya tallafe haɓarsa ya cire masa tabaro yana kiran sunansa, da labarin ya zama na ta'aziyya. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, na saman ba ya nutsewa sai na ƙasan ya fito ya yi numfashi na kamar rabin minti, ya yi magana. Shi ya sa na ke cewa mutum biyu su haɗa kuɗi su sayi mashi ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa, ta haka ba yadda za a yi su nutse tare.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuto mini ya tambaya ko kayan nan za su yi aiki a kogunanmu na gida. Ruwan Bahamas garau ya ke domin kusan babu kogin da ke zuba laka a cikinsa, mutum ya kan ga ƙasa daga cikin jirgi. A Kwara ko Binuwai da damina ko tafin hannunka ba ka gani, ga kada, ga tsargiya a ruwan da ya kwanta. Ina ganin can homa da mamari da birgi sun fi wannan mashi amfani, kuɗinsa kuwa gara ya sa su a koma.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Nasso.