A Maƙerar Damagaram Na Ƙera Wuƙata Ta Farko

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wa ke rabuwa da wuƙa? Da ita muke yanka dabba, mu yanke igiya, mu fere itace. Amma mu nawa muka san yadda ake yin ta?

Ranar Alhamis na isa Damagaram, ranar cin babbar kasuwar Dole. Garin yana zaune cikin manyan duwatsu. A unguwar Birni fadar sarki take. Ƙira tsohuwar sana'a ce a nan. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa maƙeran garin suka yi.

Ƙarar masaba ce ta ja ni zuwa wata rumfa. Na tarar da wani tsoho gaban uwar maƙera, jikansa yana zuga. Na ce: "Sannu da aiki, Baba. Ina so in koyi ƙera wuƙa."

Ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, zauna. Wace iri? Ta yanka ko ta fiɗa?"

Ashe kowace da siffarta. Ta yanka doguwa ce. Ta fiɗa gajera ce mai lanƙwasa, don kada ta huda fata. Na zaɓi ta fiɗa. Ya zana mini siffarta a ƙasa da yatsa.

Kakanninsa daga dutsen tama suke narko ƙarfe. Shi kuwa tsohon ƙarfen mota yake saye, irin mai faɗi da ke ɗauke da nauyin mota bisa ƙafafunta. Ya ce ƙarfen tano ba ya riƙe kaifi.

Muka sa ƙarfen a wuta har ya yi ja wur. Na kama shi da awartaki, na shiga bugu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: in ya huce sai a mai da shi wuta. Na fitar da baki, na ja wutsiya wadda za ta shiga ƙota. Kafin azahar hannuna ya yi kanta. Sannan na gyara bakin da magagari.

Saura ba ta ruwa. A nan na yi garaje. Ƙarfen ya yi zafi har ya soma fari, na tsoma shi duka cikin ruwa. Sai na ji ƙas! Wuƙa ta tsage. Aikin yini ya tafi.

Baba bai yi faɗa ba. Washegari muka sake. Wannan karo, da ta yi ja daidai, bakin kawai na tsoma. Ya goga magagari a kai, ya zame bai ci ba. Ya ce: "Ta sha." Sai muka ɗan gasa ta har bakin ya yi launin kara, don kada ta karye. Muka sa ƙota, na wasa ta a dutse. Wani baduku ya ɗinka mata kube na jan fata.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Baba ya nuna mini buhunsa ya ce: "Wannan gawayin ƙirya ne. Shi ke ba da wuta mai ƙarfi, ba ya saurin zama toka. Da can kusa muke samunsa. Yanzu daga nesa ake kawo shi, da tsada."

Jama'a, wannan magana ta shafe mu. In ƙirya ta ƙare, wutar maƙeri ta yi sanyi. To, wa zai ƙera mana hauya da lauje da gatari? Tun shekarun 1980 manoma da yawa na jihohin Maraɗi da Damagaram suke barin ƴan itatuwa su girma a gonakinsu lokacin sassabe. Mu sa ƙirya cikin waɗanda muke bari. Ƴaƴanta ma abincin dabbobi ne. In ta girma, mu sari reshe, mu bar uwa.

Wuƙata ba ta da kyan gani, bayanta a karkace yake. Amma da ita na feɗe akuyar sunan ɗan ƙanena, fatar kuwa ba huji ko ɗaya.