Kan jirgin da ya hau dutsen Jos

Daga Zariya na tashi da sassafe, na bi hanyar Soba zuwa Jos, riƙe da wani tsohon hoto na kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal. A bayansa an rubuta "jirgin Kano" kawai. So nake in san ko gaskiya ne.

Ba banza na bi wannan hanya ba. Ta nan ƙaramin layin dogon da Turawa suka laƙaba wa sunan Bauchi ya ratsa, ta Dutsen Wai da Rahama, domin kwaso kuza. An gama shi a 1914, aka rufe a 1957. Yau gonaki ne a wurin, sai tudun ƙasa jefi-jefi.

A Jos wani dattijo da ya yi aikin jirgi tun yana saurayi ya karɓi hoton, ya matso da shi kusa da ido. Na ce, "Baba, ta ina ake farawa?" Bai dubi bututun hayaƙi ba, ƙasa ya nuna mini. Faɗin dogo ake fara dubawa. Babban layin da ya isa Kano a 1911 ƙafa 3 ne da inci 6, na kuza kuwa ƙafa 2 da inci 6. Akwai mutum tsaye a gefen dogon cikin hoton, da shi muka gwada. Layin siriri ne, tukunyar jirgin ma da ƙyar ta wuce kan mutumin.

Sai ƙirgen ƙafafu, kuma nan ne daɗin aikin. Ana lissafa ƙananan gaba, da manyan tsakiya da sandar ƙarfe ta haɗe, da na baya. Kan jirgin da aka ce 2-8-2 ne, biyu gare shi a gaba, takwas masu ja, biyu a baya. Haka waɗanda aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948 suke, masu sunayen koguna. Samfurin Garratt na kamfanin Beyer Peacock kuwa ko yaro ya gane shi: tukunya a tsakiya, inji gaba, inji baya. Namu bai yi kama da ko ɗayansu ba. Lambar da ke jikin ɗakin direba da ta raba gardama, amma inuwa ta cinye ta.

Da la'asar muka shiga gidan adana kayan tarihi, inda aka ajiye ragowar jiragen ƙaramin layin. Na ɗaga hoton kusa da ɗaya daga ciki, tsayi da siffa suka zo daidai. Jirgin kuza ne, bai taɓa ganin Kano ba.

Abin da ya dame ni shi ne irin waɗannan hotuna suna nan cike da akwatuna a gidajen tsofaffin ma'aikata a Zariya da Kafanchan, da rubutun kuskure ko babu rubutu sam, kuma masu iya karanta su kullum raguwa suke yi. Kafin mu rabu na roƙi Baba ya ba ni ranar da zan dawo da wasu hotuna, ya ce bayan sallar Juma'a.