Wilin Sanyin Turai a Hanyar Gwaram

A rumfunan masu faci na bakin titi a Birnin Kudu, cikin tulin tayoyin Beljiyam, ba a rasa masu wani ɗan zane a gefe: dutse mai kai uku, da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa. Tayoyin hunturun Turai ke nan. Robarsu taushi gare ta, don ta kama titi idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. A Jamus doka ce tun 2010 a sa irinsu idan ƙanƙara ta rufe hanya. Shi ya sa direban can yake ajiye jeri biyu, kowanne da wilinsa. Idan ya gaji da su, sai jirgin ruwa ya kawo mana, su biyo ta Ƙofar Ruwa a Kano, su ƙare a ƙarƙashin Golf da Sharon masu lodin Gwaram, inda zafin bazara yake haura digiri 40, kwalta ta yi ta cin robar kamar wuta ta samu kitse.

Tayar dai kowa ya iya duba ta. A wajen wilin ake yin kuskure. Mai saye yakan ƙirga ramukan noti, in sun yi daidai ya ce a ɗaura. To, Golf 3 da Fijo 406 duk ramuka huɗu gare su, amma da'irar ramukan Golf milimita 100 ce, ta Fijo 108. Ko ramukan sun shiga, akwai sauran magana. A jikin wilin an buga haruffa ET da lamba, misali ET45. Ita ke nuna yadda wilin zai zauna: ya nutse ciki ko ya turo waje. Lambar ta yi ƙasa da ta motar, taya ta leƙo waje, boris ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Ta yi sama, taya ta matso shokazoba. Wilin da ya yi wa motar ƙanƙanta kuma, cikinsa zai gogi gidan birki.

Ƙwararren mai faci ba lallai ya karanta lambar ba, amma yana da nasa awon. Kafin ya sauke jak, sai ya juya tayar da hannu, ya kasa kunne. Ya zura yatsa tsakanin wili da birki. Sannan ya ce wa direba: "Maigida, karya sitiyarin duka, dama da hagu." In ya ji ƙarar guga, sai ya kwance noti: "Wannan ba nata ba ne, Alhaji, sai dai mu duba wani."

Abu ɗaya ne jak ba ya nunawa, wato lodi. Motar da ta wuce lafiya ba kaya, ranar kasuwar Sara za ta dawo da buhunan hatsi a but, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Bayanta ya zauna, ta faɗa rami, bakin bodi ya yanki gefen tayar da ta turo waje. Wanda zai sayi wili a nan, gara ya ɗora buhu biyu a motar tukuna, sannan ya biya kuɗi.